Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu A Zangon Kumasi Kan Tsaron Ruwa Da Ƙasa



Ranka ya daɗe Sarkin Zango, masu girma Sarkin Fulani da Sarkin Pawa, malamanmu Allah Ya gafarta muku, arɗo-arɗo, fatake da dillalan kara, iyayenmu mata da samarinmu, muna yi muku barka da zuwa. Mun san wasu sun baro ciniki a kara, wasu kuma sun bar wa yara shanu a daji domin su halarci wannan zama. Allah Ya saka da alheri.

Abin da ya tara mu shi ne maganar ruwa da ƙasa, da kuma waɗanda za su tsaya a kansu a madadinmu ba tare da albashi ba. Watakila wani ya ce, "Mu da ke zaune a birni, ina ruwanmu da zaizayar ƙasa?" To, ɗan'uwa, duk saniyar da aka sauke daga mota a Kaase, ciyawa ta ci ta yi ƙiba, a mashaya ta sha ruwa. In ciyawa ta ƙare, mashaya ta ƙafe, makiyayi ne zai fara kuka, amma falke da dillali da mahauci da mai suya duk suna biye da shi.

Bari mu fara da abin da ke ƙofar gidanmu. Kowa ya san halin da rafin Aboabo da na Subin suke ciki. Shara da leda sun cika su, in damina ta kankama sai ruwa ya shiga ɗakunan mutane. Mahautanmu shaida ne a kan ledar da suke ciro wa daga tumbin dabbobin da suka yi kiwo a bola. Haka kuma ruwan famfon da Kumasi ke sha, daga madatsar Barekese da ke kan kogin Offin da kuma ta Owabi yake fitowa, ga shi masu haƙar zinariya da ake kira galamse sun mai da Offin da Pra ruwan laka. A daji kuwa, inda garke ya yi ta sauka bakin rafi ta wuri ɗaya shekara da shekaru, gaɓar tana rubzawa, ƙasa ta cike rafin, matan ƙauye su zo ɗiban ruwa su tarar da kwatami. Dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai laifin wasu, akwai kuma namu.

Amma idan aka zauna rabon laifi, wanda ba ya wurin shi ake ɗora wa kaya mafi nauyi. Mun ga haka a Agogo. A watan Janairun 2012 babbar kotun Kumasi ta ba da umarnin a fitar da shanu daga yankin, daga baya aka sha tura sojoji da 'yan sanda, aka harbe dabbobi, rayuka suka salwanta a ɓangaren manoma da na makiyaya. Ƙarar da aka yi ta kaiwa ita ce ɓarnar gona, da ɓata ruwan sha, da cinna wa daji wuta. Dattawanmu kuma ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar Gana, aka wayi gari gidaje da yawa na Zango babu kowa. Darasin shi ne, wanda ba a san shi a wurin gyara ba, ba za a saurare shi ranar shari'a ba.

To, ina wurin gyaran yake? Ƙofa ɗaya tana nan a buɗe tun tuni. Bayan fari da gobarar daji ta 1983, wadda ta cinye gonakin koko da na abinci, hukuma ta kafa dokar hana gobarar daji a 1990, watau doka ta 229 ta gwamnatin PNDC. Dokar ta tanadi kwamitin yaƙi da gobara a kowace majalisar gunduma, da rundunar 'yan sa-kai a garuruwa da ƙauyuka. Mu tambayi kanmu, 'ya'yanmu nawa ne a cikin waɗannan rundunoni? Kullum ana cewa makiyayi ne ke sa wuta domin sabuwar ciyawa ta tsiro. Ranar da manomi ya ga ɗan makiyayi riƙe da ganye yana kashe wuta kafaɗa da kafaɗa da shi, ranar ce wannan zargi zai fara sauƙi.

Wannan aiki na sa-kai ba mu ne za mu fara shi ba. A Amurka, bayan guguwar ƙura ta kwashe ƙasar noma a shekarun 1930, an fara kafa gundumomin tsare ƙasa da ruwa a 1937. Yau sun kai wajen 3,000, kuma galibin masu jagorancinsu manoma ne da masu kiwo na yankin, waɗanda ba a biyansu albashi. Kusa da mu kuwa, ga 'yan'uwanmu na jihar Maraɗi a Nijar. Tun daga shekarun 1980 suka kama abin da suke kira sassaben zamani, watau idan ana sharar gona ba a kashe tohon kututture, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a bar su su girma. Da wannan dabara aka farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kamar miliyan 200, cikinsu har da gawo, wanda kowane makiyayi ya san amfanin 'ya'yansa ga dabba a tsakiyar rani. A garin Ɗan Saga da ke yankin Agye, kwamitin ƙauye ne ke tsaron itatuwan, kuma an sa manoma da mata da makiyaya a ciki. Sun gane cewa in aka ware mai sanda, ba wanda zai iya tsare tsiro. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ma ta ba makiyaya kujera a hukumomin da ke duba al'amuran filaye. A Burkina kuma, marigayi Yakuba Sawadogo na Yatenga, da fartanya da taki da ƙananan ramuka masu tare ruwan sama ya mai da faƙo kurmi, har duniya ta karrama shi a 2018.

Saboda haka muna kawo shawara a gabanku, a kafa kwamitin sa-kai na ruwa da ƙasa daga cikinmu, kuma ga ayyukan da muke ganin ya kamata ya fara da su.

Na farko, ya je ya gabatar da kansa ga majalisun gundumomin da shanunmu ke kiwo, da sarakunan Asante masu ƙasa, ya nemi kujera a kwamitin gobara da na ruwa. Na biyu, kafin rani ya shiga a zauna da manoma a tsayar da mashaya da burtali, a raba inda dabba za ta sha da inda mutane ke ɗiba, a bar ciyawa da itatuwan gaɓar rafi su tsaya. Na uku, a rubuta sunan kowane mai garke da yaransa da alamar shanunsa, domin in ɓarna ta auku a san mai ita, ya biya, kada a kama na Audu a ce na Bello ne. Masu shigowa daga ƙetare ta Paga ko Bawku a tuna musu da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi wadda ƙungiyar ECOWAS ta tsayar a 1998. Na huɗu, a sa ranar gayya ta yashe magudanan ruwa a unguwanninmu da kewayen kara, a tara kashin shanu a kai wa masu lambu maimakon ruwa ya kwashe shi zuwa rafi.

Sai maganar waɗanda za a zaɓa, kuma nan ne ƙungiyoyi da yawa suke tuntuɓe. Kada mu zaɓi mutum domin yawan shanunsa ko girman rigarsa. Mu nemi wanda ya san daji, yana jin Hausa da Fulfulde da Twi, wanda zai iya duban ɗan'uwansa ya ce masa, "Shanunka ne suka ci rogon nan, ka biya." Shugaban da ke ɓoye mai laifi domin zumunci, shi ne ke jawo a kori garke ɗari saboda garke ɗaya. A sa mace a ciki, domin su ne suka fi kowa sanin halin da rijiya da rafi suke ciki. A sa matashi mai ilimin boko da zai riƙe littafi. A yanka musu wa'adi, in ya cika a sake zaɓe.

Mu kuma da muka zaɓe su akwai hakki a wuyanmu. Aikin sa-kai ba ya nufin mutum ya tsiyace domin jama'a. Wanda ya bar cinikinsa ya tafi Afram Plains sasanta rikici, bai kamata kuɗin mota ya fito daga aljihunsa ba. A amince da ɗan abin da za a riƙa cirewa a kan kowace saniya da aka sayar a kara, ko sidi nawa ne, a ba da rasit, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. Inda ba a karanta lissafi, zargi ne ke shiga, daga nan mutanen kirki su janye, a bar wa masu neman na goro fage.

Jama'a, an ce rigakafi ya fi magani. Muna roƙon kowace unguwa da kowane arɗo su kawo sunayen mutum biyu ga Sarkin Fulani kafin zama na gaba, domin a tantance su a gaban kowa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare dukiyarmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.

Wassalamu alaikum.