Katin Bashi a Amurka: Dokar da Ta Rage Tara, Ta Bar Ruwa



Da na faɗa wa wani abokin aikina abin da zan yi magana a kai yau, dariya ya yi, ya ce, "Malam, mu da katinmu ba ya fitar da ko sisi sai abin da muka ajiye, ina ruwanmu da katin bashi?" Yana da gaskiya ta wani ɓangare. Katin da yawancinmu muke riƙewa kuɗinmu yake ciro mana. Wanda nake nufi kuwa kuɗin banki yake ba ka. Ka yi sayayya yau, ƙarshen wata a aiko maka da lissafi. In ka biya duka, kun rabu lafiya. In ka biya wani abu ka bar saura, ruwa ya fara hawa kan sauran. Sai dai bashi hanji ne, kuma namu ya riga ya shigo ta wayar hannu. Manhajojin ba da rance sun addabi mutane da ruwa da tozarci har hukumar kare masu sayayya ta Najeriya, FCCPC, ta tilasta musu rajista a 2022. Rigimar iri ɗaya ce da wadda Amurkawa suka shafe shekara sittin suna yi, tsakanin wanda ya rubuta yarjejeniya da wanda ya sa hannu bai karanta ba. Shi ya sa na zaɓi mu dubi tasu.

A watan Satumba na 1958, Bank of America ya aika katuna wajen 60,000 gidajen mutane a garin Fresno na Kalifoniya, ba tare da kowa ya nema ba. Ka buɗe wasiƙa, ka tarar an ba ka bashi. Wannan katin shi ne daga baya ya zama Visa. Shekara goma bayan haka, a 1968, majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar farko mai nauyi, wadda ta wajabta wa mai ba da bashi ya rubuta ruwansa a lissafin shekara, a fili, yadda za a iya kwatanta na wannan banki da na wancan. A 1970 aka hana aika wa mutum katin da bai nema ba, aka kuma ce in an sace katinka aka yi ɓarna da shi, abin da za a ɗora maka ba zai wuce dala 50 ba.

Tunanin da ke bayan dokar 1968 shi ne a faɗa wa mutum farashi, sauran ya rage nasa. A ganina wannan tunani ne ya gaza, kuma ga yadda aka yi.

A wancan lokaci kusan kowace jiha tana da iyakar ruwan da ta yarda a ɗora. Sai a 1978 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Marquette, wadda ta taso saboda wani banki na jihar Nebraska yana ba mutanen Minnesota kati da ruwan da ya haura iyakar Minnesota. Kotu ta ce banki mai lasisin tarayya dokar jihar da yake zaune zai bi, ba ta jihar da mai cin bashi yake ba. Ku lura da abin da wannan ya haifar. Ba sai an rusa iyakar ruwa a jihohi hamsin ba, jiha ɗaya ta isa. Dakota ta Kudu, jiha mai ƙarancin jama'a da ke neman ayyukan yi, ta cire tata iyakar a 1980, kuma a 1981 Citibank ya kwashe harkar katinsa daga New York ya koma garin Sioux Falls. Delaware ta bi sahu a shekarar. Tun daga nan, ɗan Kalifoniya yana iya zaɓen 'yan majalisar jiharsa su yi masa dokar ruwa yadda yake so, amma katin da ke aljihunsa dokar Dakota yake ji. A 1996, a shari'ar Smiley, kotun ta ƙara da cewa tarar jinkirin biya ita ma ruwa ce a idon doka, don haka ita ma ta kuɓuce wa jihohi.

Daga nan bankuna suka gano cewa idon mai sayayya yana kan lamba ɗaya ce kawai, wadda aka rubuta da manyan haruffa a jikin talla. Suka rage wannan, suka mayar da ribarsu cikin ƙananan rubutun da ke bayan takarda. Ka makara da kwana ɗaya, tara. Ka haura iyakar da aka ba ka, maimakon katin ya ƙi aiki, sai a bar cinikin ya wuce a ci ka tara. Ka yi jinkirin biyan wani bashi dabam, na wani kamfani dabam, bankin katinka ya ji labari ya ɗaga maka ruwa, har a kan kuɗin da ka riga ka ci tun bara. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ni mamaki. A kasuwar Kurmi, in ka ɗauki kaya bashi a kan farashi, mai kaya ba ya dawowa bayan wata shida ya ce kuɗin ya canza. Kuma duk waɗannan abubuwa an bayyana su a yarjejeniya, ba a ɓoye komai ba, sai dai a shafin da ba wanda yake kaiwa.

Sai da tattalin arziki ya durƙushe a 2008, jama'a suka fusata da bankuna, sannan majalisa ta motsa. Ranar 22 ga Mayu 2009 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar katin bashi, mafi yawanta ta fara aiki a Fabrairun 2010. Bambancinta da na baya shi ne ba ta tsaya ga "a faɗa masa" ba, ta ce "kada a yi". Ba a ɗaga ruwa a kan tsohon bashi sai in mutum ya yi jinkirin kwana 60, ko kuma in tun asali ruwan mai bin farashin kasuwa ne. Ƙarin ruwa a kan sabuwar sayayya sai da sanarwar kwana 45. Takardar lissafi ta fita kwana 21 kafin ranar biya. Tarar haura iyaka sai in mai kati da kansa ya amince tun farko. Wanda bai kai shekara 21 ba, sai ya nuna yana da abin biya ko ya kawo wanda zai tsaya masa, domin a da bankuna har rumfa suke kafawa a jami'o'i suna raba riguna kyauta ga ɗalibin da ya cike fom.

Akwai wani ɗan akwati da dokar ta sa a buga a kowace takardar lissafi, wanda yake nuna maka shekara nawa za ka yi in mafi ƙarancin biya kawai kake yi. Bari mu yi lissafin tare. Ana bin ka dala 5,000, ruwa kashi 22 cikin ɗari a shekara. Ruwan wata ɗaya kusan dala 92 ne. In ka biya dala 100, takwas ce kawai ta taɓa uwar kuɗin.

Bankuna sun yi gargaɗi a lokacin cewa duk abin da aka hana su ta nan za su rama ta can, kuma talaka zai rasa bashi. Masana tattalin arziki huɗu, ciki har da Sumit Agarwal da Neale Mahoney, sun bi diddigin asusun katuna sama da miliyan 160, suka fitar da sakamako a 2015: dokar ta rage wa masu kati kusan dala biliyan 12 a shekara, ba su kuma ga alamar an rama ta ƙarin ruwa ko rage bashi ba. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Cajin da mutum bai lura da shi ba a ranar da yake zaɓen kati, ba a yi gasa a kansa ba, riba ce zalla, kuma mayar da shi cikin lambar da kowa yake gani zai kori masu ciniki.

Amma ita wannan lamba, wato ruwan kansa, dokar ba ta sa mata iyaka ba, kuma ba don an rasa yadda ake yi ba. Tun 2006 akwai dokar da ta hana a ɗora wa sojoji da iyalansu fiye da kashi 36, aka shigar da katin bashi cikinta a 2017. Ƙungiyoyin adashi da rance masu lasisin tarayya ba sa wuce kashi 18. Sauran jama'a an bar su da Dakota. A 2023 bashin kati a Amurka ya haura dala tiriliyan ɗaya, matsakaicin ruwa ya wuce kashi 20. Na san a zauren nan akwai malamaina da za su ce kashi ɗaya ma riba ce, haramun ce, ba na kuma jayayya da su. Abin da nake nunawa shi ne, ko a wurin waɗanda suka halatta wa kansu ita, an kasa cewa ga inda za ta tsaya.

Tarar jinkiri kuwa, dokar 2009 cewa ta yi kawai ta zama daidai da laifin, ta bar wa hukuma ta sa lamba. Babban bankin ƙasar ya sa dala 25 a karon farko, 35 in an maimaita, tare da damar ƙari gwargwadon hauhawar farashi, har ta kai 30 da 41. Hukumar kare masu hulɗa da bankuna, CFPB, wadda ta fara aiki a 2011, ta ce a 2022 kaɗai tarar jinkiri ta kai sama da dala biliyan 14. A Maris 2024 ta sauko da ita zuwa dala 8 ga manyan bankuna. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na bankuna suka garzaya kotun tarayya a Fort Worth ta jihar Texas, alƙali ya dakatar da ƙa'idar a watan Mayu, kwanaki kaɗan kafin ta fara aiki. Gwamnati ta canza, shugabannin hukumar suka canza. A Afrilun 2025 hukumar da ta rubuta ƙa'idar ita ce ta haɗa baki da waɗanda suka kai ta ƙara, suka roƙi kotu ta soke ta, kotu ta soke. Babu Ba'amurke ko ɗaya da ya taɓa biyan tarar dala takwas ɗin nan a ƙarƙashinta.