Asma mai tsanani: yadda ake gane ta da yadda ake sa mata ido



Hunturu ya kawo jiki, ƙura za ta tashi, masu asma kuma lokacin wahalarsu ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 asma ta kashe mutum 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu.

Da farko dai, asma daban, tarin fuka daban. Asma ba a ɗaukarta a wurin wani. Amma tarin da ya wuce mako 2, musamman da rama ko zufar dare, a je a gwada majina tukuna.

Sauraron ƙirji kaɗai ba ya tabbatar da asma. Akwai na'urar da ake hurawa da ƙarfi, a ba mutum maganin shaƙa, a sake aunawa. Idan numfashi ya buɗe sosai, alama ce babba. Sai dai an fi samunta a manyan asibitoci irin na koyarwa. Yaro ƙasa da shekara 5 ba ya iya wannan gwajin, don haka bayanin uwa likita zai riƙe: yaushe yake tari, da dare ne ko bayan guje-guje, ƙirjinsa na fito kuwa?

To, ga inda nake so mu natsu. Da yawa waɗanda ake cewa tasu ta yi tsanani, magani ne ba ya isa huhu. Wata shuɗiyar inhela kawai ta sani, Ventolin, wadda ke buɗe numfashi nan take, ta watsar da ta rigakafi ta kullum wai ai ta ji sauƙi. Wata kuma a baki take fesawa ya tsaya nan. Likita ba zai kira ta mai tsanani ba sai ya ga ana shan magani mai ƙarfi yadda ya kamata amma ciwon ya ƙi lafawa. Saboda haka ki tafi da inhelarki, ki shaƙa a gabansa ya gani. Mai juna biyu ma kada ta daina don kanta.

A gida ki sami ɗan littafi ki riƙa rubutawa: sau nawa ta tashi a mako, ta hana barci, ta hana makaranta ko aiki? Idan ana neman shuɗiyar fiye da sau 2 a mako, ko an shanye gwangwani 3 a shekara, a koma asibiti. Ki lura da abin da ke tayar da ita, hayaƙin itace ne, maganin sauro mai hayaƙi, ko turaren wutar nan tamu da ba ma son a taɓa.

Idan kuwa yaro ya kasa magana ko shan nono, tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya sauya launi, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A zaunar da shi, a ba shi shuɗiyar, a nufi asibiti ana ci gaba da ba shi a hanya.