Kaluluwa da Hanyoyin Ruwan Jiki



Duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe har yatsa ya yi mugunya ya san kaluluwa. Ciwo yana can ƙasa, amma sai ƙulli ya taso a matsematsi, yana zogi har ya sa mutum ɗingishi. Dama can ƙullin yana nan, aiki ne ya yi masa yawa ya kumbura. Irinsa sun kai 500 zuwa 600 a jikin baligi, a wuya, da hammata, da ƙirji, da ciki.

Ga asalin abin. Idan jini ya isa ƙananan jijiyoyi, ruwansa yakan tsattsafo ya shiga tsakanin tsoka don kai abinci. Littattafan likitanci sun ƙiyasta kusan lita 20 a kowace rana. Wajen 17 na komawa cikin jini, saura 3. Wannan ragowar ita ce ruwan limf, kuma tana da hanyoyinta daban, kamar yadda kowace unguwa take da kwata. Hanyoyin nan ba su da zuciyar da za ta tura musu ruwa. Motsin tsoka da numfashi ke matsa su, a cikinsu kuma akwai 'yan ƙofofi da ba sa barin ruwa ya koma baya. Wannan yana cikin dalilan da ƙafa ke kumbura idan an wuni zaune a mota daga Kano zuwa Legas. Daga ƙarshe yawancin ruwan yakan hau wani babban bututu ta cikin ƙirji, ya zuba a jijiyar jini da ke gindin wuya ta hagu.

A 1622 wani likitan Italiya, Gaspare Aselli, ya buɗe cikin karen da bai daɗe da cin abinci ba, ya ga siraran hanyoyi farare fat a jikin hanji. Maiƙon abinci ne ke cikinsu, don shi ta nan yake bi kafin ya shiga jini. Jean Pecquet na Faransa ya bayyana babban bututun a 1651.

Kafin ruwan ya isa jini sai ya ratsa ta kaluluwa, inda fararen ƙwayoyin jini suke tace shi, su kama ƙwayoyin cuta. Saifa ma irin aikin take yi wa jini, shi ya sa take girma a jikin yaron da zazzaɓin cizon sauro ya matsa wa.

Kumburin da ya zo da zafi bayan rauni yakan saɓe da kansa. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne mai tauri, marar zafi, wanda ya yi makonni yana ƙaruwa: yana iya zama tarin fuka, yana iya zama sankara. Wannan asibiti za a kai shi, kada wanzami ya sa masa aska.

Sai tundurmi da gwaiwa, waɗanda har yau wasu ke cewa sammu ne ko an taka asiri. Abin da ke jawo su wata tsutsa ce siririya da sauro ke ɗauka daga mutum zuwa mutum. Takan zauna a hanyoyin limf shekara da shekaru ta lalata su, ruwa ya rasa mafita. 'Ya'yanta da dare suke fitowa cikin jini, don haka da dare ake ɗibar jinin gwaji. A jihohin Filato da Nasarawa an yi shekaru ana raba ivermectin da albendazole gari-gari tare da taimakon Cibiyar Carter, har a 2017 aka ba da sanarwar cutar ta daina zama barazana ga lafiyar jama'a a can. Sai dai maganin ba ya mayar da ƙafar da ta riga ta kumbura. Mai ita zai riƙa wanke ta da sabulu kullum, ya tsane tsakanin yatsu, ya ɗaga ta idan ya kwanta, ya kuma daina tafiya ba takalmi. Ita gwaiwa kuwa tiyata ake yi mata, kuma ana warkewa.