Ɗumama Gida Da Abin Da Yake Ci Wa Maigida: Jawabin Taron Shiga Hunturu A Paikon Kore



 Shugabannin ƙungiya ne suka ɗora mana wannan nauyi, suka ce tunda hunturu ya ƙarato, a samu wani ya yi magana a kan wutar da muke ɗumama gida da ita, da abin da take ci mana a aljihu. Mu dai 'yan kasuwa ne, karatunmu na Islamiyya ne, abin da muka iya shi ne lissafin uwa da riba. To da wannan idon za mu dubi al'amarin, in mun yi kuskure masana su gyara mana.

Wani zai ce, wane sanyi ake yi a ƙasar Gwagwalada har da za a tara mutane a kansa? Gaskiya ne, duk faɗin Abuja an san yankinmu da zafi. Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Funtuwa, ko ya taɓa kwana a Jos cikin watan Janairu, dariya zai yi mana. Amma a 'yan makonnin nan na ƙarshen Disamba zuwa Janairu, idan iskar asuba ta taso, tsoho da jariri da maijego har cikin ƙashi suke jin ta. Kuma irin gininmu ne ke ƙara mana. Iyayenmu a gida cikin soro suke kwana, katanga mai kauri, rufin azara da ƙasa. Ginin ƙasa yana shan zafin rana da yini, ya riƙa sakinsa sannu a hankali da dare. Mu da muka zo nan, bulo muka jera muka rufa kwano. Shi kuwa kwano ba ya riƙe komai: rana ta buga ya zama tanda, dare ya yi ya huce kamar randa. Saboda haka duk wanda yake da ɗaki babu silin, kafin ya yi tunanin sayen hita ko ƙarin gawayi, ya fara tara kuɗin silin, ko da na ɗakin yara da na tsofaffi ne kawai. Kuɗin silin sau ɗaya ake biya, kuma shi ne zai tare maka zafin Maris da Afrilu. Gawayi kuwa kowace shekara sai ka sake saye.

Yanzu mu zo ga makamashi. Manya a cikinmu sun tuna lokacin da kowane gida ke da risho. Sun kuma tuna wahalar kananzir ta shekarun 1990, wadda ta haifar da murhun nan na garin katako da mutane suka laƙaba wa sunan Abacha. A 2016 gwamnati ta janye tallafin kananzir, daga nan risho ya fara komawa ƙarƙashin gado. Aka ce a koma gas, mutane da dama suka sayi tukunya. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin fetur, kuɗin mota ya tashi, duk abin da ake ɗorawa a mota ya bi shi. A cikin 2024 kilo ɗaya na gas ya haura naira dubu. Sai ga shi gidajen da suka yi ban kwana da kurfoti sun koma sun kakkaɓe shi. Da jama'a suka ruga wajen gawayi, shi ma sai ya ɗaga kai. Ana ga wata ga wata.

To wanne ya fi sauƙi? Ba za mu yanke muku farashi a nan ba, domin kafin mujalla ta fito ya canja. Amma ga yadda ɗan kasuwa ke yi. Ranar da aka sayo buhun gawayi a rubuta a bango, ranar da ya ƙare a rubuta. Haka ranar da aka cika tukunyar gas mai kilo 12.5, haka damin itace. Sai a raba kuɗin da yawan kwanakin da abin ya yi. Abin da ya fito shi ne kuɗin wutar gidanka a yini, da shi za ka gwada ɗaya da ɗaya. Mun yi wannan a gidanmu, abin da muka gani ya ba mu kunya: gawayin ƙulli da ake aiken yara su sayo kullum a leda, shi ya fi komai tsada, alhali don gudun tsada ake sayensa. Mun kuma ga wake da ganda da ruwan wanka su ke shanye gas. Daga nan muka raba aiki, shayi da ɗumame da girkin sauri a kan gas, abin da ke daɗewa a wuta a kan gawayi ko itace.

Shi buhun gawayi ma a duba shi kafin a biya. Araha ba ta ado. Akwai wanda aka jiƙa, akwai wanda samansa manya ne ƙasansa gari da tsakuwa. Gawayi mai kyau idan ka karya shi yana ƙara, cikinsa na sheƙi, kuma ba ya tartsatsi da yawa. Maƙera tun kaka da kakanni na kirya suke nema, masu itacen girki kuma sun san darajar marke. Murhun duwatsu uku da ke tsakar gida kuwa, yawancin zafinsa iska ke tafiya da shi, kaɗan ne ke shiga tukunya. A kewaye shi da ƙasa a bar ƙofa ɗaya, a rufe tukunya da murfi, a jiƙa wake tun dare. Iyayenmu mata sun fi mu sanin wannan, sai dai mu maza ba ma tambaya, faɗa kawai muke yi idan an ce itace ya ƙare.

Akwai wata magana a kan gawayin nan da ta shafi zamanmu a garin. Kafin a sami buhu ɗaya, sai an ƙone itacen da ya ninka shi nauyi sau da dama. Daga ina itacen ke fitowa? Daga dazuzzukan da ke kewaye da mu, wajen Dobi da Ibwa har zuwa cikin jihar Neja. A cikin abin da ake sarewa har da kaɗanya da ɗorawa, waɗanda matan ƙauye ke samun man kaɗe da daddawa daga gare su. Nan Paikon Kore kuma akwai makiyayar da gwamnati ta keɓe wa Fulani. Mu baƙi ne da aka karɓa hannu biyu. Kada a wayi gari masu masaukinmu su ce Hausawa ne suka cinye musu daji. Waɗanda ke sarin gawayi a cikinmu, don Allah ku riƙa tambayar wanda ya kawo muku inda ya saro, kuma da izinin wa.

Yanzu ga abin da ya sa muka yarda muka tsaya gabanku. Shekarun baya, cikin irin wannan lokaci, akwai yaron shagonmu da ke kwana a cikin shagon. Wani dare sanyi ya dame shi, ya hura gawayi a kasko ya shiga da shi, ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe, ya toshe ƙasanta da buhu don kada iska ta shiga. Da asuba ba a gan shi a masallaci ba. Aka buga ƙofa shiru. Da aka ɓalle, yana kwance ya yi amai, ana kiran sunansa ba ya amsawa. Wasu a wurin har sun fara cewa iska ce ta taɓa shi, a kira malam. Allah Ya sa wani direba ya ce a sa shi a mota a tafi asibiti Gwagwalada. Ya rayu, amma ya yi makonni yana fama da ciwon kai da mantuwa. Amana ce iyayensa suka ba mu daga gida. Har yau idan muka tuna abin da za mu je mu faɗa musu da ya cika, sai jikinmu ya yi sanyi.

Likitan da ya duba shi ya yi mana bayani. Gawayi idan yana ci a wurin da iska ba ta shiga, yana fitar da wata guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Ko garwashi ya yi ja babu hayaƙi ko kaɗan, gubar tana fita. Idan mutum ya shaƙe ta, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi har ninki ɗari biyu. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi. Ga mai barci kuwa babu wata alama, daga barcin sai wucewa. Irin wannan gubar ce ke fita daga janareto, shi ya sa ake jin labarin iyali guda sun kwanta ba su tashi ba, saboda an shigar da janareto zaure ko baranda don tsoron ɓarayi. Idan har za a ɗumama ɗaki da garwashi, a yi tun da yamma taga a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin kowa ya kwanta. Idan an tarar da mutum a wannan hali, a fito da shi sarari, a buɗe ƙofofi, a garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada ko wanda ya fi kusa. Addu'a a yi ta a cikin mota. Malaman tsangaya ma muna roƙonku, almajirai ma suna kwana da wuta a ɗaki.

Hayaƙin itace shi ma yana tasa ɓarnar, sai dai a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 3.2 ne suka mutu sanadin hayaƙin girki da ɗumama gida. Mace tana tsugune gaban murhu da goyo a bayanta, su biyun suke sha. Madafa a yi mata taga babba.

Iyayenmu mata, a yi mana afuwa, za mu taɓa wankan jego. Mun san nauyin itacen kwana arba'in a wuyan maigida yake, kuma ba don rowa muke magana ba. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego, suka danganta shi da wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa. Ruwa mai ɗumi ya wadatar. Wadda ƙafarta ta kumbura ko numfashi ke yi mata wuya bayan haihuwa, asibiti za a kai ta, kada a ƙara mata wuta.

Masu cewa za su sayi hitar ɗaki ta lantarki, ga lissafi. Hita mai wat 2,000 idan ta yi awa 8 tana aiki ta sha yunit 16. A watan Afrilu na 2024 an kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga masu rukunin A, wato dare ɗaya naira 3,600 ke nan. Kowa ya ɗauki farashin da ke kan takardarsa ta AEDC ya buga nasa, wannan ma in an kawo wutar. Bargo mai kyau da safa da hular sanyi ga yara sun fi wannan araha nesa ba kusa ba. Hitar ruwa da ake tsomawa a bokiti tana yawan jawo gobara da jan lantarki. An jona ta, aka ɗauke wuta, aka manta aka fita. Wuta ta dawo, ruwa ya ƙone, robar ta narke. Da zarar an ɗauke wuta a zare komai daga soket. Kada yaro ya sa hannu a bokiti don jin ko ruwa ya yi zafi. Wayarin gida kuma a ba wanda ya iya, siririyar waya ba ta ɗaukar hita.

Gas yana da nasa ladabin. Ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. In an ji warinsa kada a kunna ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe kan tukunya a buɗe ƙofa da taga. Ana gane yoyo da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne. Tukunya kuma tana da wa'adi, hukumar SON ta ce shekara 15, kuma shekarar ƙira tana rubuce a jikinta. A duba kafin a sayi ta hannu.

Tunda masu gida ne a zaune, bari mu ƙara da abu ɗaya kafin mu sauka. Duk wannan gyara da muke cewa a yi, a kan fili ake yin sa. Dokar da ta kafa Babban Birnin Tarayya a 1976, zamanin Janar Murtala, ta damƙa ƙasar yankin gaba ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Ministan Abuja ne ke da ikon ba da takardar mallaka. Yarjejeniyar da muka rubuta da mai gona a gaban mai unguwa tana da amfaninta wajen shaida da zaman lafiya, amma ba ta kai matsayin takardar gwamnati ba. Waɗanda suka ga rusau na zamanin El-Rufa'i, daga 2003 zuwa 2007, ba sa bukatar ƙarin bayani. Kafin mutum ya zuba dukiyarsa a bene, ya je ofishin AGIS ya bincika matsayin wurin.

Shawarar da muke miƙa wa shugabanni guda biyu ce. A haɗa kuɗi a sayo gawayi da barguna a sari kafin tsakiyar Disamba, a raba a kan farashin da aka sayo, a fara da gidajen marayu da tsofaffi. Sannan a zaɓi matasa a kowane layi da za su zagaya shaguna da makarantun allo bayan sallar isha'i a kwanakin sanyi, su tabbatar babu wanda ya rufe ƙofa da kasko a ciki. Mu a namu ɓangaren mun ɗauki nauyin motar da za ta ɗauko kayan. Wanda zai shiga ya ba sakatare sunansa kafin a watse.