Zuma da Hanta: Jawabin Kwamitin Lafiya a Taron Ƙungiya

 

Abin da ya sa muka roƙi ɗan lokaci yau shi ne wata magana da ke yawo a rumfunan goro da tashar mota, wai an gano zuma tana wanke hanta, saboda haka wanda ya sha ƙwaya da yawa sai ya bi ta da cokali biyu, shi ke nan. To jama'a, maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙari.

Ga yadda abin yake. Masu bincike a jami'o'i sukan samo ɓeraye su raba su kashi-kashi. Wasu a riƙa ba su zuma kullum, wasu a hana su. Daga nan sai a ɗura musu abin da ke lalata hanta, ko dai wani ruwan guba da a da ake zubawa a tulun kashe gobara, ko kuma farasitamol mai yawan gaske. Hanta in ta ji rauni, akwai wasu sinadarai nata da ke malalowa cikin jini, likitoci na ce musu ALT da AST. A gwaje-gwaje da dama an tarar na ɓerayen da suka sha zuma ba su hau kamar na sauran ba, kuma da aka duba hantar, ɓarnar ta zo da sauƙi. Ana jin sinadaran furanni da ƙudan zuma ke kwasowa ne suke rage wa gubar ƙarfi.

Mu ba mu raina zuma ba, wa ya isa, alhali Suratun Nahli ta ambace ta da waraka? Amma a lura, ɓera aka gwada, ba ɗan Adam ba. Galibi kuma tun kafin gubar ake fara ba shi zumar, sannan rage ɓarna ta yi, ba hana ta ba. Balle irin wadda ake sayar mana a kwalba, wata rabinta sukari ne aka dafa.

Damuwarmu ita ce 'yan uwanmu direbobi da masu dako, waɗanda ciwon jiki ke sa su watsa Panadol kamar gyaɗa. Babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 cikin awa 24, kuma a sani maganin mura da yawa akwai farasitamol a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba. Mugun abin, wanda ya zarce yakan wuni garau, sai bayan kwana 2 ko 3 hanta ta nuna. Akwai makarinsa a asibiti, kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Lokacin da za a ɓata ana dama zuma, a nemi mota.

Haka nan wanda idonsa ya yi rawaya, a kai shi gwajin jini, don sau da yawa ciwon hanta nau'in B ne. Tun 2004 rigakafinsa ke cikin alluran jarirai a Nijeriya, iyaye mata a kai yara. Jariri kuwa da bai cika shekara 1 ba, kada a lasa masa zuma ko kaɗan, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye masa jiki.

Mai tambaya ya same mu bayan sallar la'asar.