Jawabin Yaye Ɗaliban Haƙar Ma'adinai: Hanyoyin Keke a Kufan Mahaƙan Cornwall

 An saba a irin wannan rana ta yaye ɗaliban haƙar ma'adinai a nan Jos a yi magana a kan buɗe mahaƙa da arzikin da ke cikinta, amma wannan jawabi zai tsaya ne a kan abin da ke biyo bayan rufe ta, domin kowace mahaƙa tana da ranar ƙarewa, alhali ƙasar da aka tona da mutanen da ke zaune a kanta suna nan daram. Misalin da za a duba shi ne na Cornwall, yankin da ke ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, wanda kuza ta haɗa tarihinsa da na wannan tsauni.

A farkon ƙarni na 19 mahaƙan jan ƙarfe da ke kewayen garuruwan Redruth da Camborne sun bunƙasa har kayansu suka fi ƙarfin ayarin alfadarai, sai aka shimfiɗa ƙananan layukan dogo waɗanda dawaki ke jan taragu a kansu. An fara aikin layin Portreath a 1809, shi ne ke kai duwatsun ma'adini gaɓar teku ta arewa, inda jiragen ruwa ke tsallakawa da su kudancin Wales a narka, su komo da kwal ɗin da injinan tururi ke ci wajen zuƙe ruwa daga rijiyoyin haƙa. Layin Redruth da Chasewater kuwa ya gangara kudu zuwa tashar Devoran a tsakiyar shekarun 1820, ya yi aiki har 1915. Sana'ar haƙar ta yi ta ja da baya har farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, rushewar da Bukuru da Barikin Ladi suka ji a jikinsu, kuma a 1998 aka rufe South Crofty, mahaƙar kuza ta ƙarshe da ke aiki a yankin.

Abin da ya cancanci nazarin injiniya shi ne yadda aka gane cewa dukiyar da ta rage ita ce zaren hanyar kansa. Dokin da ke jan taragu cike da dutse ba ya iya hawa mai tsauri, saboda haka magina na farko suka bi kwari da gefen tudu, suka cike wuri suka sare wani, har suka samar da shimfiɗa mai sauƙin hawa da gangara, wadda ita ce ainihin bukatar mai keke. Aka share waɗannan layuka, aka zuba tsakuwa aka daddaɓe, aka haɗa su da wasu turbobi, suka zama hanyoyi masu tsawon kimanin kilomita 60, waɗanda mafi yawansu mota ba ta shiga, sai mai keke da mai tafiya a ƙafa da mahayin doki. Mafi shahara a cikinsu ita ce wadda ta tashi daga Portreath ta dire a Devoran, wato daga teku zuwa teku, mil 11 ko kusan kilomita 18. Akwai kuma mai kewaya dutsen Carn Brea, kimanin kilomita 12, a saman jijiyar kuzar da ake kira Great Flat Lode saboda ta fi sauran jijiyoyin yankin kwanciya. Zaɓin tsakuwa a maimakon kwalta hikima ce, domin ta fi araha, ana gyara ta da shebur da baro, ba ta kuma gayyatar gudu, sannan keken burji, wato mai faɗin taya da ƙwarin gindi, yana tafiya a kanta lafiya lau. Mai bin hanyar yakan ga tubalan dutsen da aka ɗaure dogo a kansu, da ramukan ƙusoshinsu, ga kuma gidajen inji marasa rufi tsaye da dogayen bututun hayaƙinsu.

Sai dai tun kafin a gayyaci iyali da yara wannan fili, an yi aikin da ba a cika ɗaukar hotonsa ba. An nemo bakunan tsofaffin rijiyoyi, aka toshe wasu, aka kifa wa wasu ragar ƙarfe mai siffar malfa wadda ke tare mutum ta bar wa jemage hanya. Ƙasar kwarin Poldice da ta Bissoe, da ke kan hanyar keken, tana ɗauke da asinik, guba mai fitowa tare da kuza da jan ƙarfe, shi ya sa har yau ake ganin tuddan da ciyawa ta ƙi. A Janairun 1992, bayan an tsayar da famfunan mahaƙar Wheal Jane, ruwa mai tsami da narkakkun ƙarafa ya ɓalle cikin kogin Carnon, wanda hanyar keken ke bin gefensa, ya rine mashigin teku, har dole ta sa aka kafa wurin tace shi. Sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta yi a 2006 bai ɗauke wannan nauyi ba.

Haƙar tsaunin Jos ta bambanta, domin mafi yawanta a buɗe aka yi ta, ta bar kududdufai masu zurfi da tuddan ƙasa, da yashin wanki mai ɗauke da monazait, ma'adinin da ke fitar da tururin nukiliya, wanda tilas a auna shi kafin a sa yaro ya bi ta kansa. Amma kayan aikin suna nan: hanyoyin burji da kamfanoni suka yanka tsakanin barikoki, da sawun ƙaramin dogon da ya taso daga Zariya ya iso Bukuru a 1914 aka rufe shi a 1957, da sanyin ƙasar da ta kai kimanin mita 1,200 a tudu. Amfanin irin wannan hanya a nan zai wuce shaƙatawa, domin ɗan makaranta da manomin rani mai ban ruwa daga kududdufi su ne suka fi bukatar wurin da tirela ba za ta bi ta kansu ba. Wajibi ne kuma a fara da yardar masu ƙasa da ta 'yan loto, masu haƙa da hannu da har yanzu suke cin abinci a wurin, a kuma kafa alluna masu ambaton leburorin da aka ɗebo da ƙarfi daga lardunan Arewa tsakanin 1942 da 1944, waɗanda da yawansu ba su koma gida ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai haƙa alhakin gyara ƙasar da ya tona, kuma waɗanda ake yayewa yau su ne za su riƙe awo da taswirar da za a tabbatar da hakan.

Ana taya ɗalibai da iyayensu murna, tare da addu'ar Allah ya sa albarka a wannan karatu, ya kiyaye su a bakin aiki. Yanzu sai a gayyaci shugaban makaranta domin miƙa takardun shaida.