GATAWA BA TA TASHI: JAWABI GA TALAKAWAN ƘASAR GOBIR

Dattawa, iyayenmu mata, samari da 'yan mata na Gatawa, da 'yan'uwanmu na Sabon Birni da Isa. Sannunku da haƙuri.

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. To, kafin in roƙe ku ƙuri'a, bari mu waiwaya.

A 1808 birnin Alƙalawa ya faɗi, Sarkin Gobir Yunfa ya rasu a wurin yaƙin. Kufan birnin yana nan cikin ƙasarmu. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, Sarki Ali ya kwanta dama, waɗanda suka saura suka kafa Tsibiri. Daga baya Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri, ya zo ya kafa Sabon Birni. Da Turawa suka zo, Ingila da Faransa suka shata iyaka, Tsibiri ta faɗa Nijar, mu muka faɗo Nijeriya.

Wannan labarin sarakuna ke nan, kowa ya san shi. Amma jama'a, wa ya kwaɓa ƙasar ganuwa? Wa ya sare daji, ya gina rijiya, ya noma gero da dawa, ya raya fadamar gulbin Rima? Wa ya kora jakuna zuwa kasuwar Maraɗi, ya tafi ci-rani Kurmi ya komo da kuɗin haraji? Talaka ne! Kakanninku ne, manoma da makiyaya, maƙera da masunta, da matan da suke daka tun asuba. Duk lokacin da gari ya ci wuta, su ne suka sake tada shi.

Yau kuma ga mu cikin wata jarrabawa. A watan Mayu 2020 'yan bindiga suka kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A watan Disamba 2021 aka ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. A watan Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Allah ya jiƙansu. In sarki bai tsira ba, ina talaka?

Saboda haka ga alkawarin jam'iyyarmu:

1. Jami'an tsaro masu zama cikin gari, rani da damina.
2. Tsare hanyar Isa zuwa Sabon Birni, da ta Sabon Birni zuwa Goronyo.
3. Komo da 'yan'uwanmu da suka yi gudun hijira, tare da ba su iri da taki.
4. Buɗe burtali da mashaya, don manomi da makiyayi su zauna lafiya. Ɓarawo ba ya da ƙabila.
5. Malamai a makaranta, magani a asibiti.

Ku adana wannan takarda. In mun saɓa, ku tsare mu da ita a bainar jama'a.

'Yan'uwana, ranar zaɓe za a zo muku da taliya da sabulu. Taliya kwana ɗaya ce, mulki kuwa shekara 4 ne. Kada ka sayar da gonarka don tuwon dare. Kowa ya ɗauki katinsa, ya jefa ƙuri'a, ya tsaya har a ƙidaya. Kakanninku sun gina gari da gayya, ku ma ku yi gayya a bakin akwati.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.